Waƙoƙin Mutanen Maori: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Idan ɗan ƙabilar Maori ya miƙe zai gabatar da kansa a taro, ba da sunansa yake farawa ba. Sai ya ambaci dutsen yankinsu, da koginsu, da kwalekwalen da ya kawo kakanninsa, da zuriyarsa, kafin ya faɗi sunan da aka raɗa masa. Wannan gabatarwa ita suke kira pepeha, kuma wanda ya gane ta ya kama bakin zaren waƙoƙinsu. A wurinsu, duk inda mutum ya sa ƙafa da kakanninsa yake tafe.

Maori su ne 'yan asalin ƙasar Niyu Zilan, wadda suke kira Aotearoa. Sun iso daga tsibiran gabashin Polinesiya wajen ƙarshen ƙarni na 13. Ba su da rubutu a lokacin, saboda haka waƙa ce kundinsu. Salsala, wato whakapapa, da ka ake haddace ta. Akwai oriori, waƙar reno da ake shirya wa jaririn babban gida, cike da sunayen kakanni da wuraren da suka zauna. Akwai waiata tangi ta makoki. Akwai kuma pātere, wadda mace kan rera don mayar da martani ga masu ɓata mata suna, tana jero danginta ɗaya bayan ɗaya.

Ciwon da ke cikin waƙoƙin yana da tarihi. A 1840 sarakunan Maori suka sa hannu kan Yarjejeniyar Waitangi da Masarautar Birtaniya. Ba a daɗe ba yaƙi ya ɓarke a kan filaye. Dokar 1863 ta ba gwamnati ikon ƙwace ƙasar ƙabilun da ta kira 'yan tawaye, kuma a yankin Waikato kaɗai an ƙwace fiye da eka miliyan ɗaya. A 1881 sojoji suka afka wa ƙauyen Parihaka, inda Te Whiti da Tohu ke jagorantar turjiya ba tare da makami ba. Zuwa 1896 yawan Maori ya ragu zuwa kimanin 42,000.

Sai aka koma kan harshe. Daga 1867 makarantun yaran Maori suka fifita Ingilishi, kuma yara da yawa sun sha bulala don sun yi magana da harshen gida. Ta nan ake gadon ciwo: yarinyar da aka daka ta girma ta ƙi koya wa 'ya'yanta harshen don ta kare su, jikanta kuma ya je makokin dangi ya tsaya kamar baƙo, ana rera sunayen kakanninsa bai gane ba. Mawaƙan yanzu sun sha komawa kan wannan kunya da wannan kewa.

Amma waƙar ba ta mutu ba. Sir Āpirana Ngata ya tattara tsofaffin waƙoƙi cikin littafin Ngā Mōteatea, ya fara buga su a ƙarshen shekarun 1920. Hone Tuwhare, wanda ya koyi aikin ƙarfe a wurin gyaran jiragen ƙasa, ya fitar da kundin waƙoƙinsa No Ordinary Sun a 1964, da Ingilishi amma da numfashin Maori. Bayansa Robert Sullivan ya fito da Star Waka a 1999, Tayi Tibble kuma da Poūkahangatus a 2018.

Gwagwarmaya ta tafi tare da waƙa. A 1975 Whina Cooper, tana da shekara 79, ta jagoranci tattaki zuwa Wellington, babban birnin ƙasar, kan batun filaye. A 1987 harshen Maori ya zama na hukuma. Tun kafin nan, a 1982, aka buɗe kōhanga reo, gidajen reno inda tsofaffi ke yi wa ƙananan yara magana da harshen zalla. Waɗanda aka taɓa duka saboda harshen, su ne suka zauna a ƙasa suna sa shi a bakin jikoki.