Barthélémy Toguo, mai fasahar da ya kai zancen biza gidan tarihi

A shekarar 2021, gidan tarihi na Quai Branly da ke birnin Paris ya baje kolin ayyukan Barthélémy Toguo, ɗan Kamaru da aka haifa a Mbalmayo a 1967. Irin wannan baje koli yakan tara ayyukan mutum ɗaya na shekaru da dama a wuri guda, domin mai kallo ya ga inda tunaninsa ya faro da inda ya dosa.

Toguo bai tsaya kan zane kaɗai ba. Yana sassaƙa itace, yana aikin tangaran, yana amfani da hoto da bidiyo.

Ƙetare iyaka na cikin manyan jigogin aikinsa. Ya sassaƙa manya-manyan hatimai na itace masu kama da na jami'an shige da fice. A wani aikin kuma, ya jibga ƙunshin kaya a kwalekwale, ya ɗora shi kan tubala maimakon ruwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a shingen iyaka riƙe da takardu ya san inda zancen ya nufa.

Sai dai zuwa Paris ma sai da biza. Shi ya sa cibiyar da ya gina a Bandjoun, yammacin Kamaru, ke da muhimmanci: a can ana nuna fasaha, ana kuma noma.