Ko Kun Sani?

Ko kun sani cewa Johan Thomas Lundbye, wanda aka haifa a garin Kalundborg na ƙasar Denmak a shekarar 1818, bai cika shekara 30 a duniya ba, amma har wa yau ana lissafa shi cikin mashahuran masu zanen ƙasarsa? A zamanin da da yawa daga takwarorinsa suke begen Italiya, shi sai ya sarrafa basirar da Allah ya hore masa wajen zana filayen tsibirin Zealand, da gaɓar tekunsa, da shanunsa, domin jama'arsa su san darajar mahaifarsu. Da yaƙi ya ɓarke a 1848, ya shiga soja bisa raɗin kansa, amma harsashi ya zama ajalinsa tun bai isa fagen fama ba.