CIWON MAƘOGWARO YANA IYA TAƁA ZUCIYAR YARO

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, lokacin hunturu yara da yawa suna kukan maƙogwaro. Yaro ya kasa haɗiye fura, jikinshi ya yi zafi. Bayan kwana uku ko huɗu sai ya tashi wasa, iyaye su ce ya warke. Amma wani lokaci cutar ba ta tafi ba.

Akwai wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, wadda take kama maƙogwaro. Ta fi kama yara masu shekara 5 zuwa 15, musamman inda mutane da yawa suke kwana ɗaki guda. In ba a kashe ta da magani ba, bayan sati biyu ko uku zazzaɓi yana iya dawowa. Gwiwa ta kumbura ta yi zafi. Gobe ciwon ya bar gwiwa ya koma idon ƙafa ko wuyan hannu. Jikin yaron ne ya tashi yaƙi da cutar, sai ya ɓata hanya ya afka ma gaɓoɓi da zuciya.

Gaɓoɓi suna warkewa. Zuciya ita ce abin tsoro. Cikinta akwai ƙofofi huɗu, kowace da ƙyaurenta, suna buɗewa suna rufewa don jini ya bi hanya guda. Kumburin yana lalata ƙyauren nan, ya ƙanƙance ko ya ƙi rufuwa. Shekaru suna wucewa ba a sani ba. Ran nan sai saurayi ya kasa kai kunya ɗaya ta noma ba tare da haki ba, ƙafafu su kumbura, dare ya yi ya kasa kwantawa sai a zaune.

Wanzami ya cire beli, ƙwayar cutar tana nan. Maganinta penisilin ne: allura guda, ko ƙwayoyi na kwana 10 cif. Kada a tsaya ran na huɗu don yaro ya samu sauƙi. Wanda zazzaɓin gaɓoɓin ya taɓa kamawa, za a riƙa yi mashi allura kowane sati huɗu, shekara da shekaru, har likita ya ce a daina. Tafiyar da wuya ga na ƙauye mai nisa, mun sani, amma kowane dawowar zazzaɓin yana ƙara ɓata ƙyauren.

Macen da ta yi wannan ciwo tana ƙarama, in ta samu ciki ta faɗa ma ungozoma tun awon farko, domin ciki yana ƙara ma zuciya aiki.