Idan malami ya ajiye bulala, da me zai riƙe aji?

Duk wanda ya yi firamare a ƙasar Hausa ya san tsarin: monita ya rubuta sunayen masu surutu, malam ya shigo da bulala, ko a sa yaro kamun kunne. Yanzu hukumomi na hana dukan ɗalibai. Afirka ta Kudu ta haramta shi a 1996, Kenya a 2001, Hukumar Ilimi ta Ghana kuma a 2017. Sai dai hanin kaɗai ba ya sa yara hamsin su yi shiru.

Akwai wata dabara da aka gwada a wani aji huɗu a jihar Kansas ta Amurka, aka wallafa sakamakonta a 1969. An raba ajin gida biyu, aka kafa dokoki kaɗan: ba tashi daga kujera, ba magana sai da izini. Wanda ya karya doka, sai a ja wa rukuninsu layi a allo. Rukunin da layukansa suka fi ƙaranci shi ke fara shiga layin cin abinci, ya kuma sami ƙarin lokacin wasa. Idan duka biyun suka kiyaye, duka su ci. Surutu da yawo a ajin suka ragu ƙwarai.

Amma kyauta ma tana da nata haɗarin. A 1973 masu bincike a Jami'ar Stanford sun ɗauki yaran nazare masu son zane, suka yi wa wasunsu alkawarin takardar yabo idan sun zana. Bayan kwanaki, waɗanda aka yi wa alkawarin sun rage taɓa alƙaluman zanen. Waɗanda aka ba kyautar ba zato kuwa, sha'awarsu ba ta ragu ba.

Abin da malami zai ɗauka a nan shi ne, a ajiye lada don abin da ke yi wa yaro wuya, kamar jiran layi ko ɗaga hannu kafin magana. Abin da yake so da kansa, a bar shi ya yi.

Dokokin kada su wuce huɗu ko biyar, a faɗe su da harshen da yaro ke ji. Yabo kuma ya ambaci aikin: “Ka taimaki ɗan'uwanka ya tattara littattafansa” ya fi “yaron kirki” amfani. Ba sai an sayi alewa ba. “Ku tafa mata” da ba yaro damar goge allo sun isa, in dai malam bai mayar da su na 'yan gaban goshi kaɗai ba.