Daga Jakar Wasiƙunku: Ko Ana Iya Sauya Makunnin Waifa Da Na Ruwan Gilashin Mota?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a yankin Funtuwa, manomi wanda kuma yake jigilar hatsi zuwa kasuwar Dandume da tsohuwar akori-kurarsa. Bayan gaisuwa ya ce 'yar sandar nan ta jikin sitiyari da ake kunna waifa da ita ta karye, sai mai rewaya ya sa masa wani makunni a dashbod. Waifa tana aiki, amma da an kashe sai ta tsaya cak a tsakiyar gilashi, daidai idon direba. Yana tambaya ko haka abin yake dama, kuma ko akwai dabarar da ruwa zai riƙa fita kafin waifa ta motsa.

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Ana iya sauya makunnin, kuma ba haka ya kamata waifar ta tsaya ba. Akwai waya guda da ba a haɗa ta daidai ba.

Bari mu ɗan koma baya. Wata mata Ba'amurkiya mai suna Mary Anderson ta yi rajistar na'urar goge gilashi a 1903, wadda direba ke juyawa da hannu daga cikin mota. Kamfanin Bosch na Jamus ya fito da mai aiki da lantarki a 1926. Daga baya aka ƙara mata dabarar komawa mazauninta da kanta, kuma wannan dabarar ce ta ɓace a motar mai tambaya.

Ga yadda abin yake. In ka buɗe bonet ka duba injin waifa, galibi za ka ga waya huɗu ko biyar. Ɗaya ta tafiyar sannu, ɗaya ta sauri, ɗaya tana ɗaure da ƙarfen jikin mota, wani lokaci kuma kwanson injin ne da kansa ke yin wannan aikin. Sauran biyun su ne na mayar da waifa gida: ɗaya tana kai wuta ciki muddin makulli na buɗe, ɗaya tana fito da ita. A cikin injin akwai wani faifai mai tagulla a jiki wanda ke juyawa, an bar giɓi a wuri guda, ga kuma wasu 'yan ƙarafa kamar yatsu suna gogarsa. Lokacin da direba ya kashe waifa, makunnin asali ba ya yanke wuta kawai. Sai ya ɗauki wayar sannu ya haɗa ta da wayar da ke fitowa daga faifan nan. Ta nan inji ke ci gaba da samun wuta har waifa ta kwanta a ƙasan gilashi. Da ta kwanta, yatsan ya bar wuta ya taɓa jikin mota, inji ya tsaya nan take kamar an taka masa birki.

To makunni mai ƙafa biyu, irin na fitila, bai iya wannan aiki ba. Bai san komai ba sai kunna da kashe. Shi ya sa galibi ɗayan biyu ke faruwa. Ko dai mai rewaya ya bar wayar komawa gida a yashe tun farko, ko kuma ya haɗa ta, da an kunna wuta ta ci karo da jikin mota, fis ya ƙone. Ya sa wani ya sake ƙonewa, sai ya gaji ya datse wayar ya naɗe ta da salatif, ya ce ai waifa na yi.

Maganin shi ne makunni mai ƙafa uku. Ƙafar tsakiya ta tafi wayar sannu, ƙafa ɗaya ta karɓi wuta daga bayan fis, ta ukun kuma ta tafi wayar komawa gida. In an kunna, wayar sannu ta sha wuta, ta rabu da ta gida. In an kashe, ta koma wa ta gida. Ke nan ba su taɓa haɗuwa su uku. In kuma ana son gudu biyu, sai a nemi makunnin da aka yi don waifa musamman, mai juyawa, domin bai kamata wayar sannu da ta sauri su sha wuta tare ba. A motocin Jamus an ma rubuta lambobi a jikin soket: 53 sannu, 53b sauri, 53a wutar komawa gida, 53c famfon ruwa, 31 jikin mota. Wasu motocin Japan kuwa tsarinsu a juye yake, wuta tana zaune a inji kullum, makunnin ne ke haɗa shi da jikin mota. Saboda haka a sa mai rewaya ya gwada kowace waya da kwan gwaji, kada ya bi launi da ka.

A namu ganin, kafin duk wannan a leƙa Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Motoci irin su Peugeot 504, da aka yi ta harhaɗawa a Kaduna inda masana'antar ta fara aiki a 1975, kayansu na hannu ba su cika wuya ba. Sandar asali ta fi, don direba yana taɓa ta hannunsa na kan sitiyari. Wanda ke cikin ruwan marka da lodin buhu goma sha biyar a baya, ba lokacin laluben dashbod ba ne.

Sai maganar ruwa, kuma nan mai tambaya ya yi tunani. Ƙurar hunturu yashi ne mai laushi. In roba ta ja ta a busasshen gilashi sai ta yi ta kartarsa, da rana ba a gani, amma da dare fitilar mai zuwa ta watsu a idonka. A motoci da yawa ana jan sandar ne ruwa da waifa su tashi tare, sai waifa ta riga ruwa, domin ruwan ya zurare ya koma tanki. Akwai wani ɗan bawul na roba da ake sa wa a tiyo kusa da bakin feshi, yana barin ruwa ya wuce gaba, ba ya barinsa ya koma. Wani lokaci shi kaɗai ya isa.

In bai isa ba, a raba famfon da waifa, a ba shi nasa maɓallin. Amma ya zama irin na hon, wanda da ka ɗaga yatsa zai saki. In aka sa mai zama a kunne, ranar da aka manta tanki zai ƙare, famfo ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone. Ka danna, ka ƙirga uku, sannan ka kunna waifa. Ruwan tafki ko na rijiya a tace shi da ƙyalle, kada a zuba garin sabulun wanki, yana daskarewa ya toshe baki. In ya toshe, allura ta isa ta buɗe shi. Masu manyan motoci kuma su tuna da yawansu bolt 24 ne, famfon ƙaramar mota na bolt 12 ba zai daɗe ba.

Wasu kan so waifa mai gogewa ta huta, saboda yayyafi. Wani injiniya Ba'amurke, Robert Kearns, shi ya shahara da wannan dabara, har ya yi shari'a da kamfanin Ford, aka biya shi sama da dala miliyan 10 a 1990. Yanzu ana sayar da ɗan akwatin da ke yin wannan aiki, amma shi ma sai wayar komawa gida tana nan lafiya, domin wuta yake ba inji na ɗan lokaci kaɗan, faifan ne ke ƙarasa zagayen.

Ko wane gyara aka yi, kada a tsallake fis, kada kuma a ɗaure shi da waya ko takardar kwalin sigari. Fis ɗin waifa yakan kama daga amp 15 zuwa 30, a bi abin da aka rubuta a murfin akwatinsa. A cire kan batir kafin a sa hannu cikin ƙarafan da ke jan waifa, domin in makulli na buɗe inji kan zabura ya koma gida da yatsan mutum a ciki.

Duk wannan bayani na tsofaffin motoci ne. Da yawa daga cikin na bayan shekarar 2000, sandar saƙo kawai take aika wa kwamfutar mota, ita ce ke ba inji wuta. Irin waɗannan in aka cusa musu wuta ta gefe, kwamfutar ce za ta ƙone, kuma kuɗinta ya ninka na sandar sau da yawa. Mai irin wannan mota ya nemi sandar asali kurum.

Da fatan mai tambaya ya gamsu.