Shafin da ke hana ƙwayoyin cuta samun wurin zama

Robar fitsarin da ake sanya wa majiyyaci a asibiti domin ta sauƙaƙa masa kan zama gadar da ƙwayoyin cuta ke bi su shiga jikinsa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kusan kashi 75 cikin 100 na ciwon mafitsara da ake ɗauka a asibiti na da nasaba da wannan roba.

Da zarar an sanya ta, sinadaran furotin na jiki sukan lulluɓe ta. A kan wannan shimfiɗa ƙwayoyin bakteriya ke sauka, su manne, su fitar da wani yauƙi da ke zame musu garkuwa. Idan suka kai nan, magani ba ya ratsa su da sauƙi.

Masana sun ɓullo wa lamarin ta hanyoyi biyu, duka ta shafa wa robar siririn sinadarin polima. Nau'in farko, irin su polyethylene glycol, yana riƙe ruwa a fuskar robar, har furotin da bakteriya su rasa inda za su kama. Na biyu yana ɗauke da cajin lantarki kishiyar na fatar bakteriya, sai ya jawo ta, ya fasa ta.

Kowanne na da rauninsa. Mai hana mannewa ba ya kashe ƙwayar da ta kutsa. Mai kisa kuwa, gawarwakin ƙwayoyin kan taru su rufe shi, sababbi su yi zamansu a kai. Shi ya sa bincike ya karkata ga haɗa ayyukan biyu a shafi guda, wanda zai kashe, ya kuma kakkaɓe gawar.

Batun ya shafi Najeriya kai tsaye. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna idan aka auna da yawan jama'a.

Don haka jami'in da ke duba takardun sayen kayan asibiti ya kamata ya tambayi ɗan kwangila: kwana nawa shafin ke aiki, kuma an gwada shi a jikin majiyyata ko a ɗakin gwaji kaɗai? Kafin a samu amsa, kariyar da likitoci suka fi amincewa da ita tana nan: a cire robar da zarar buƙatarta ta ƙare.