Ba Kowace Cakuɗewar Fayil Ce Bairos Ba

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin masu shagunan kwamfuta da ɗalibai da sakatarorin ƙungiyoyi a Kafanchan da kewaye. Idan aka turo fayil ɗin rubutu daga waya ko daga wata kwamfuta, aka buɗe shi aka tarar da layukan sun haɗe sun zama dogon layi guda, ko aka ga wata baƙuwar alama a ƙarshen kowane layi, nan take sai a yanke hukunci: bairos ya ci fayil ɗin. Wasu ma sukan ɗora laifin a kan wanda ya buga rubutun, su ce bai iya aiki ba.

Ina ganin girman masu wannan fahimta, domin ruwa ba ya tsami banza. Filashin da ya zaga shago goma, daga Kafanchan zuwa Gidan Waya zuwa Zonkwa, ba abin mamaki ba ne ya kwaso cuta, kuma mutane da yawa sun yi asarar aikinsu ta wannan hanya. Sai dai a wannan matsala ta haɗewar layuka, hukuncin bai faɗa daidai ba, kuma yana jawo asarar da babu gaira babu dalili.

Asalin abin yana cikin tsohuwar tafireta. Duk wanda ya ga akawu yana aiki da ita ya san idan layi ya ƙare abu biyu ake yi: a mayar da abin da ke riƙe da takarda zuwa farkon layi, sannan a murza takardar ta hau sama. Na'urorin aika saƙo ta waya sun gaji wannan tsari, suka ba kowane motsi alamarsa. Da aka fitar da tsarin ASCII a Amurka a 1963, alamar komawa farkon layi, wato CR, ta samu lamba 13, ta sauka sabon layi, wato LF, ta samu lamba 10. Na'urar Teletype Model 33 tana buga harafi 10 a daƙiƙa guda, kuma kan bugunta yana buƙatar lokaci kafin ya dawo hagu, shi ya sa aika alamomin biyu a jere ya dace da ita.

Daga nan hanyoyi suka rabu. Masu gina Unix a Bell Labs sun ɗauki LF kaɗai, Linux da Android suka biyo sahu. CP/M ya riƙe alamomin biyu, MS-DOS ya gada a 1981, Windows kuma ya gada daga gare shi har yau. Kwamfutocin Apple na da suna amfani da CR kaɗai, sai da Mac OS X ya fito a 2001 suka koma LF. Ido ba ya ganin waɗannan alamomi, amma suna nan a ƙarshen kowane layi.

To, ga abin da ke faruwa. Sakataren ƙungiyar manoman citta a Kachia ya shirya sunayen mambobi a wayarsa ta Android, ya tura wa mai shago a matsayin zallar rubutu. Mai shago ya buɗe da Notepad a kan Windows 7. Tsohon Notepad ba ya sauka sabon layi sai ya ga CR da LF tare, don haka sai ya jera sunayen duka a layi ɗaya. Kamfanin Microsoft bai koya wa Notepad karanta sauran tsarukan ba sai a 2018, a cikin Windows 10. Idan kuma aka juya, ɗalibin ilimin kwamfuta ya rubuta umarni a Windows ya kai shi Linux, sai CR ɗin da ya yi saura ya bayyana da siffar ^M, umarnin ya ƙi tashi, ko ya maƙale a jikin lambar ƙarshe ta kowane layi har ta ƙi dacewa da 'yar uwarta.

Mutanen Kafanchan, garin da ya zama mahaɗar jiragen ƙasa tun 1927, ba sa buƙatar dogon bayani a nan. Faɗin tsohon layin dogo milimita 1,067 ne, na sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa 1,435. Taragon wancan ba zai hau wannan ba, alhali babu wanda ya lalace a cikinsu. Ma'auni ne ya bambanta.

Mai shakka yana iya gwadawa da kansa. Ya buɗe fayil ɗin da aka ce ya lalace da WordPad ko Notepad++, zai ga kowane suna ya koma mazauninsa ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya ba. Ya kuma duba nauyi: fayil mai layi 1,000 da aka adana a tsarin Windows ya fi takwaransa na Linux da bayit 1,000 cif, ɗaya a kan kowane layi. Ɓarnar bairos ba ta bin lissafi mai tsafta irin wannan, kuma ba ta warkewa don kawai an sauya manhajar buɗewa.

Wani zai ce ai shi bai taɓa gamuwa da wannan a Word ba. Gaskiya ne, domin Word yana da tasa hanyar ajiye sakin layi. Matsalar ta fi shafar zallar rubutu, da jadawalin CSV da ake ɗorawa a shafukan rajista, da rubutun masu gina manhaja. Haka kuma kada a haɗa ta da rikiɗewar ƙ da ɗ da ɓ, ko haruffan Tyap da Jju, zuwa wasu alamomi marasa ma'ana. Waccan ta tsarin lambobin haruffa ce, maganinta adanawa a UTF-8, ita ma ba cuta ba ce.

Abin da ya sa na damu shi ne kuɗin da wannan zato ke ci. Ana goge kwamfuta kacokan, hotuna da takardun shekaru su tafi. Ana biyan kuɗi a sake buga sunaye ɗaruruwa, kurakuran da babu su da farko su shigo. Ana zargin yarinyar da ke buga rubutu a shago da sakaci a kan abin da aka ƙulla tun kafin a haifi iyayenta. Alhali gyaran bai wuce minti guda ba: Notepad++ yana nuna tsarin fayil a ƙasan allo kuma yana sauya shi, a Linux kuma akwai dos2unix da unix2dos.

Ina kira ga malaman kwamfuta a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, da iyayen gidan masu koyon sana'a a shaguna, su ware wa wannan darasi ko da rabin sa'a. Ku kuma 'yan uwa masu shaguna, kafin ku ce wa mai kaya aikinsa ya tafi, ku tambaye shi da wace na'ura aka rubuta, ku buɗe da wata manhajar. Allah ya sa albarka a sana'a.